Aiken da Jikana Ya Je da Gwiwoyinsa

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa. Nakan ajiye goro in rasa inda na sa shi, nakan kira wannan jika da sunan wancan. Amma akwai rana guda da ta zauna mini daram a zuciya, kuma na san ba zan manta da ita ba har ranar da za a ɗauke ni a makara. Ni ban yi karatun boko ba, na allo ma iyakacin abin da zan yi salla da shi na samu. Jikanyata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa mata, in na yi kuka ta jira ni. Na ce ta rubuta ne don na ga abin da ya same mu yana nan a bakin kowa, ba kuma wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Gidanmu yana wani ƙauye ne kusa da Sifawa, a ƙasar Boɗinga. Manoma ne mu, gero da dawa da damina, albasa da rani. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya rasu ne matar ɗanmu tana da tsohon ciki. Ina cikin takaba ta haihu, namiji, kuma shi ne ɗanta na fari. Ranar suna aka mayar wa yaron sunan kakansa. Ni ban taɓa furta sunan mijina da bakina ba tun ranar da aka kawo ni gidansa, don haka jaririn ma sai na riƙa ce masa Maigida. Uwarsa kuwa kunya biyu ce ta hau kanta, ga ta ɗan fari, ga sunan suruki. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita za ta fara rugawa ba. Haka muka tashi muka tarar, haka ita ma aka tarbiyyantar da ita a gidansu a Lambara. "Yaron nan" kawai take cewa.

Ba zan ɓoye ba, wannan yaro shi ya riƙe ni a duniya bayan rasuwar mijina. In na buɗe baki na ce Maigida, wani ya waiwayo, sai in ji kamar gidan bai zama kango ba.

Ya fara tsayuwa yana dafa bango sai wani zazzaɓi mai zafi ya kama shi. Da zazzaɓin ya sauka, ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba. An je asibiti, an yi na gida, an yi rubutu an sha, ƙafafun nan suka ci gaba da sirancewa. Muka bar wa Allah. Yaron ya girma yana rarrafe, silifa a hannuwansa biyu, gwiwoyinsa sun yi kanta. Ga surutu, ga wayo, ga tambaya. Ba abin da za a faɗa a tsakar gida ya wuce kunnensa, don shi kullum yana nan, sauran yara su fita yawo su bar shi tare da mu.

A gidan akwai ƙanwar mijina, wadda kowa yake ce wa Goggo. Ta dawo gidan wanta ne bayan mutuwar nata mijin, tare da jikanta guda, yaro mai lafiya, ɗan shekara goma ko kusa da haka, wanda Allah ya zuba wa son jiki. Ni da Goggo abokan wasa ne tun ina amarya, kamar yadda mace take da ƙannen mijinta. Ta ce mini baƙuwa mai cinye hatsin gidansu, in ce mata bazawarar da ta ƙi tafiya. Mun tsufa a kan haka. Ƙuli-ƙuli take yi da gabu, tana da hannu, tana da kyauta, sai dai bakinta ba ya hutawa. In yaro ya yi tuntuɓe da kwano, makaho ne. In an kira shi bai amsa ba, kurma ne. In abu ya suɓuce daga hannunsa, kuturu ne. In ya ƙi tashi, gurgu ne. Ba ita kaɗai ba ce, haka ake yi a kowane gida a garinmu, a kasuwa, a bakin rijiya, har jaki in ya ƙi tafiya gurgu ake ce masa. Ba wanda yake jin nauyin kalmomin nan, kamar tari suke fita.

Kuma ina so a rubuta wannan da kyau, don kada a zalunci baiwar Allah tana kabari: ba wanda ya kai Goggo son Maigida. Ita ta goya shi zuwa asibiti. Ita ta fara tunanin a sa masa silifa a hannu. In ta kwashe ƙuli, na farko nasa ne. Ba ta taɓa yabonsa ba, don ta yi imani yabo yana jawo wa yaro bakin mutane, sai dai ta ce masa mummunan mijinta wanda bai taɓa saya mata ko zane ba, shi kuma ya ce ai ta tsufa, ya sake ta. Su yi ta yi muna dariya.

Ranar da abin ya faru, lokacin cirar albasa ne, zafi ya kai inda ya kai. Maigida bai wuce shekara shida ba. Maza duk suna fadama tun safe, ɗana da 'yan'uwansa da 'yan ƙwadago. Mu mata muna tsakar gida, an jibge mana ganyen albasa muna dakawa muna dunƙula gabu, idanu sai hawaye suke yi saboda yaji. Da rana ta take, matar ɗana ta dama fura ta zuba a 'yar jarka, ta ajiye a bakin zaure don a kai wa masu aiki. Goggo ta kira jikanta ya ɗauka. Yana kwance ƙarƙashin darbejiya, ya ce rana ta yi zafi, a bari ta ɗan yi sanyi. Ta sake kira, ya juya mata baya. Ta ɗaga taɓarya ta nuna shi da ita.

"Kai gurgu ne da ba ka tashi? To zauna nan, gurgun banza mai ƙin aike, ƙafafun su shanye mu huta."

Ba wanda ya ɗaga kai. Mun ji irin wannan sau ba adadi. Yaron ya yi ƙunƙuni ya ce zai je, ya tashi ya fita ta bayan gida, ashe wurin abokansa ya nufa. Mu kuma da muka ga ba jarka a bakin zaure, sai muka ɗauka ya kai. Aka ci gaba da daka.

Ni na fara lura da shirun. Maigida ba ya iya zama bai yi magana ba, ga shi an daɗe ban ji muryarsa ba. Na leƙa ɗakina, ba ya nan. Na leƙa ɗakin uwarsa, na duba bayan rumbu, na duba wurin awaki. Na dawo zaure, sai na ga sawu a kan rairayi, irin wanda duk gidan mun sani: hannu, hannu, da layi biyu na gwiwa. A gefe kuma ga wani layi mai faɗi, na abin da ake ja. Sawun ya fita ƙofar gida ya miƙe hanyar fadama.

Wanda bai san hanyar nan ba ba zai gane abin da ya sa hankalina ya tashi ba. Ga mai lafiya ba nisa ba ce, amma rairayi ne zalla, ba inuwa, ga ƙarangiya a gefe da gefe. A irin wannan lokaci ko babba ba ya taka ta ba takalmi. Matar ɗana ta zo ta tsaya a bayana, ta ga abin da na gani. Yarinyar da ban taɓa ganin ta fita ƙofar gida ba mayafi ba, sai ga ta ta fita a guje, zane ɗaya, kai ba ɗankwali, hannu duk ganyen albasa.

Tana gudu tana kiran sunansa. Sunan yanka, da ƙarfi, a tsakiyar gari, maza suna zaune a rumfa suna ji. Sunan da ba ta taɓa faɗa ba, sunan mijina. Rabon da in ji an ɗaga murya an kira sunan nan tun ranar da aka sanar da jana'izarsa. Ina bin ta a baya ina ɗingishi irin na tsofaffi, ina kuka, ban san wanne nake yi wa ba, na kabari ko na kan hanya.

Mun same shi ya wuce rabin hanya. Ya ɗaura hannun jarkar da tsumma a wuyansa, yana jan ta. Silifa ɗaya ta ɓace, tafin hannun nan ya tashi ya yi ruwa, ya fashe. Gwiwoyinsa da muke cewa sun yi kanta sun saluɓe, rairayi ya manne a jan nama, ƙarangiya ta cika masa riga. Leɓɓansa sun bushe, ga fura a wuyansa amma bai buɗe ya sha ba, don ta masu aiki ce. Bai yi kuka ba. Da uwarsa ta sure shi ta rungume, abin da ba ta taɓa yi a gaban kowa ba, sai ya riƙa miƙa hannu wajen jarkar yana cewa a sauke shi, bai kai ba tukuna.

"Ku hwaɗa ma Goggo ban ƙi aike ba," in ji shi. "Na kusa kaiwa."

A gida na wanke masa ciwon da ruwan ɗumi kafin ubansa ya zo a kai shi wurin mai magani. Ina cire masa rairayi a hankali ina tambayarsa wa ya aike shi. Ya ce ba kowa. Na ce to me ya kai shi. Sai ya yi mini bayani tiryan-tiryan, kamar babba. Ya ce ya daɗe yana tunani. Kullum in yaro ya ƙi aike ana ce masa gurgu, kuma yau Goggo ta ce mai ƙin aike ƙafafunsa shanyewa suke yi. To shi ya gane ke nan: lokacin yana ƙarami an taɓa aikensa ya ƙi, shi ya sa nasa suka shanye, sai dai ya manta ranar. Ya ce ya yi ta ƙoƙarin tunawa ya kasa. Shi ne ya ga in ya kai wannan furar, wataƙila a yafe masa. Sannan ya dube ni ya tambaye ni ko rabin hanya ma ana lissafawa.

Na kifa kaina a kan tabarma. Uwarsa tana tsaye a ƙofar ɗaki ta ji komai. Goggo ma tana nan, ta ji, ta koma ta zauna a kan turmi ta yi tagumi.

Washegari da hantsi matar ɗana ta shigo ɗakina ta durƙusa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zargi kowa ba. Ta ce, Iya, a yi mata haƙuri, za ta je gida da yaron. Na ce har yaushe. Ba ta yanke rana ba. Na roƙe ta, ɗana ya roƙe ta, ta ce ba ta da laifin da za ta ɗora wa mijinta, amma ba za ta iya ci gaba da renon ɗanta a inda kowace safiya ake koya masa cewa shi hukunci ne ba. Aka kira ɗan kabu-kabu, ta hau babur da yaron a cinya, ƙafafunsa naɗe da bandeji. Yana ɗaga mini hannu yana cewa in ajiye masa ƙulinsa.

Gidan ya mutu. Na sha buɗe baki in ce Maigida, in tuna ba mai waiwayowa. A gare ni takaba ce ta biyu, ba farin zane kawai. Ɗana ya je biko da baffansa, mahaifin yarinyar ya karɓe su da mutunci, ya ce 'yarsa ba ta kawo ƙarar miji ba, don haka bai san me zai sasanta ba, kuma ba zai tilasta mata ba. Suka sake komawa, amsa ɗaya. Aka gama albasa, aka zuba a rudu inda ake adana ta, aka fara sharar gona, ba su dawo ba. Har an fara raɗe-raɗin auren ya ƙare. Na san in ya ƙare, ko da an dawo mana da yaron wata rana, an raba shi da uwarsa, in kuma an bar mata shi, ni na rasa shi.

Goggo kuwa ta dage ba ta yi laifi ba. Duk wanda ya shigo gidan sai ta tare shi da maganar. Ta ce ita da jikanta take, ba da Maigida ba. Ta ce iyayenmu da haka suka rene mu, ba wanda ya mutu. Ta ce ai su kansu guragu da makafi haka suke kiran kansu, har sarakunansu gare su, to mene ne abin zagi a ciki. Ta ce 'yan matan yanzu ne ba su da haƙuri. Wasu maƙwabta suka goya mata baya, suka ce in aka hana wannan da me za a tsawata wa yaro. Wasu suka ce ai ƙaddara ce kawai, yaro ne ya yi wauta. Ni ban yi gardama da ita ba, ba ni da ƙarfi. Abu ɗaya na yi, na daina yi mata wasa. Ta ce mini baƙuwa, in ce mata ina kwana. Ta tsokane ni a kan miyata, in ce Allah ya ba da haƙuri. Wannan ya fi mata zafi fiye da duk abin da zan iya faɗa.

Wata safiya ta same ni ina tsince wake, ta zauna kusa da ni. Ta ce ta yi wani gwaji. Ta ce ta ɗaura niyyar ta wuni guda ba ta ambaci gurgu ko makaho ko kurma ko kuturu ba, don ta nuna wa kanta ba wani abu ba ne, sai ga shi kafin rana ta yi tsaka ta kama bakinta ya fi a ƙirga. Ta ce ashe ba ta da wani zagi sai da halittar Allah. Ta ce in shirya, gobe za mu Lambara.

Goggo ba ta taɓa yarda ta hau babur ba a rayuwarta, ta ce abin da ba ya iya tsayuwa da kansa ba za ta ba shi amanar ƙashinta ba. Ranar ta hau. Ta ƙanƙame ɗan kabu-kabun har yana cewa, Goggo, ki bar mini haƙarƙari ɗaya in yi numfashi. Duk ramin da aka faɗa sai ta yi salati. Ni ina bayan wani babur ɗin, rabona da dariya tun tafiyar yaron, ranar na yi.

An karɓe mu da girmamawa, aka shimfiɗa mana tabarma a ɗakin uwar yarinyar, aka kawo ruwa. Matar ɗana ta zo ta durƙusa ta gaishe mu, kanta a ƙasa. Sai Goggo ta fara, kuma ta fara da ƙafar hagu. Ta shiga lissafa yadda ta goyi yaron, yadda take sonsa, yadda ba da shi take ba. Na ce a raina mun zo mun ƙarasa ɓatawa. Yarinyar ta bari har ta gama, sannan ta ɗago kai. Ban taɓa ganin ta dubi babba ido cikin ido ba sai ranar.

"Goggo, na san kina son shi, ban taɓa shakka ba. Kuma ban ce a bar ce mishi gurgu ba. Gurgu ne, Allah ya yi shi haka, ba abin kunya ba ne. Amma kullum kinka tashi zagin rago, da ɗana kike kwatanta shi. Wanda kike zagi ya tashi ya yi tahiyatai, ya manta. Ɗana shi ka zama da maganar."

Ana cikin haka sai muka ji motsin silifa a ƙofa. Maigida ne, ya ji muryar Goggo daga bayan ɗaki ya taho. Ciwon ya warke, sabuwar fata ta fito ja-ja a gwiwoyin. Ya haye cinyata ya rungume ni, sannan ya juya wajen Goggo yana murmushi, ya tambaye ta ko ta zo biko ne, don shi fa ya riga ya sake ta. Ba ta mayar masa ba. Sai ya daina murmushin, ya tambaye ta a hankali ko har yanzu tana fushi don bai kai furar ba.

Tsohuwar nan ta sauko daga tabarma ta zauna a ƙasa daidai tsayinsa, ta kama hannunsa mai tabo. Ta gaya masa bai taɓa ƙin aike ba, ita ce shaida, tun ranar da aka haife shi tana nan. Ta ce zazzaɓi ne ya taɓa ƙafafunsa, zazzaɓi kuma ba ya tambayar wanda ya yi laifi. Ta ce maganar da ya ji ƙarya ce, bakinta ne ya yi ƙarya, kuma a duk gidan ba yaron da ya kai shi jin magana. Wannan ne karo na farko da ta yabe shi a fili, tana yi tana tofa masa addu'a don tsoron baki, hawaye yana bin kuncinta. Ya saurara da kyau, ya sake tambaya ko ta tabbata. Ta rantse masa.

Sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro goro, ta ce tana da aike, in zai je. Ta ce ya kai wa kakansa, mahaifin uwarsa, da ke zaune a zaure, ya ce Goggo tana gaisuwa tana neman afuwa. Tsakar gidan a share take, ga inuwa. Ya jefa goron a aljihu ya fita da saurinsa, muna jin sa yana sallama da babbar murya. Da ya dawo ya kawo amsa kalma-kalma, ya ce an ce an gode, kuma ba komai. Uwarsa ta juya fuska bango tana share ido.

Ba ta biyo mu ranar ba, kuma ban ga laifinta ba. Sai da aka yi ruwan shuka mahaifinta ya rako su da kansa. Ba a yi wata yarjejeniya ba, ba a tara kowa ba. Goggo ce da bakinta ta kafa dokar daina zagi da lalurar mutane, ita kuma ta fi kowa shan wuyarta. Takan ɗaga taɓarya ta nuna jikanta, ta ce "Kai..." sai ta maƙale, ta yi ta laluben abin da za ta ce, yara suna jira. Rannan dai ta ƙarasa da "ruɓaɓɓiyar albasa kawai", gidan ya kwashe da dariya har shi wanda ake zagin. Daga nan ta samu hanya. Rago ya zama rago, mai ƙiwa ya zama mai ƙiwa, wanda ya fasa kwano aka ce masa mai garaje. Tsawa ba ta ragu ba ko kaɗan, yara kuma ba su lalace ba. Wani lokaci tsohuwar kalma takan suɓuce wa ɗayanmu, sai ka ga an yi tsit, mai maganar ya ce astagfirullah ya gyara.

Goggo ta rasu shekarun baya, Allah ya gafarta mata, ya haɗa ta da wanta a aljanna. Na rasa miji, na rasa abokiyar wasa, yanzu ni kaɗai na rage a cikin tsofaffin gidan, kuma ba ranar da ba na kuka da su. Maigida ya zama saurayi, yana da kekensa na hannu, yana ɗinkin hula, yana zuwa makarantar malam da yamma. Har yanzu in ya je kasuwa yana jin ana jefa wa masu ƙafa sunan lalurarsa, yakan ce mini ya saba. Ni dai ban yarda ana sabawa ba, ana dai yin shiru.

Mutane sukan ce ai ba da nufi ba ne, kuma gaskiya ne, yawanci ba da nufi ba ne. Na zauna da wadda ta faɗa ba da nufi ba, na san zuciyarta fara ce. Amma na wanke rairayi daga naman yaro ɗan shekara shida, kuma rashin nufin bai rage masa zafi ba. Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, in ka ɗauki lalurar da Allah ya ɗora wa wani ka mayar da ita abin zagi, ba wanda ka zaga kake yi wa hukunci ba, mai lalurar kake gaya wa cewa shi ne mafi munin abin da mutum zai iya zama. Yana iya kasancewa a bayanka, ko a ƙasa kusa da ƙafarka inda ba ka duba ba, yana saurare, kuma ya yarda da kai don yana sonka. In yaro ya yi laifi, a kira laifin da sunansa, ya isa. Halittar Allah kuwa a bar ta, akwai masu ɗauke da ita, kuma nauyin da suke ɗauke da shi ya ishe su.